Ranar da Asibi Ta Jiƙa Baƙuwarta

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar firamaren da ke bayan kasuwa a Paikon Kore ya san Asibi, in bai san sunanta ba to ya san muryarta. Ita ce gajerar matar nan mai faɗin kafaɗa da ke zama bayan kaskon suya, tana sayar da doya da ƙosai tana yi wa masu saye faɗa kamar ita ta haife su. Tsofaffin garin sun ce ko tana budurwa haka take, girma bai ƙara mata komai ba sai furfura.

'Yar Gbagyi ce, a nan aka binne cibiyarta. Ta auri Philip, manomin doya mai buga ganga a coci, mutumin da ba ya yawan magana, ko da yake ba a taɓa ba shi fili an gani ba. Sun haifi biyar, sannan Philip ya ɗan kwanta ciwo ya tafi abinsa shiru, yadda ya saba yin komai. Gonar da ya bari masu filoti suka yi ta gutsurarta har ta koma abin da akuya za ta tsallake, shi ne Asibi ta sayi kasko. Babban ɗanta Dominic, mai shimfiɗa tayil a gidajen manya a Lugbe, ya gina mata ɗaki biyu da rufin kwano, ya kafa mata 'yar sola, ya ce ɗaya ɗakin nasa ne in ya zo kwana. Sai ya auri 'yar Lugbe. Ɗakin ya zama na buhunan dawa da kaza mai kwanci.

Asibi ba ta taɓa zama a aji ba, amma ita ta buɗe aji guda a makarantar nan, kuma da masifa ta buɗe shi. Matan gari in za su gona, da matan ruga in za su tallan nono, sai su sako ƙananan yara a bayan yayyensu. Yayyen su shige aji, ƙananan da ba su isa aji ɗaya ba su taru a gindin kaskon Asibi, majina har baki, suna kallon mai yana tafasa. Ranar da wani ɗan rarrafe ya dafa murhu ta cafke shi ta wuyan riga, ba ta tsaya neman uwarsa ba. Ta ɗauke shi ta dire a kan teburin hedimasta, Oga Silas, ta ce ga sabon ɗalibi. Kashegari ta kawo masa uku. Oga Silas mutum ne mai son farar riga da guga, 'yan rarrafe kuwa ba su san darajar guga ba. Ba a jima ba ya sa aka share tsohon sito aka shimfiɗa tabarmi.

Aji ya samu, malami ne babu. Sai wata ƙungiya mai ofis a cikin gari ta ce za ta riƙa turo 'yan sa-kai daga ƙasashen waje, kowa ya yi shekara, in dai gari zai ba da masauki. Asibi ta kori kaza ta fitar da dawa. Na farko wani dogon Bature ne mai kirki, yajin Asibi ya bi ta cikinsa kamar ambaliya, aka mayar da shi gida yana riƙe da wando. Ta biyu 'yar Filifin ce, ta jure yaji, amma wata safiya ta sa ƙafa a takalmi ta tarar kunama ta riga ta. Daga nan mutanen ƙungiya suka faɗa wa Oga Silas ba ɓoye-ɓoye: in na uku ya gudu kafin shekararsa ta cika, sun gama da Paikon Kore, wani ƙauyen za su koma. Wato a rufe aji, yara su dawo gindin kasko. Matan zumunta na coci kuwa tuni sun raɗa wa Asibi suna, Mai-korar-baƙi, kuma a gabanta suke faɗa, don su ma ba kunya ce ta ishe su ba.

Ana komawa makaranta a watan Satumba motar ƙungiya ta kawo ta ukun. Asibi ta ga wata doguwar yarinya siririya ta fito, baƙa wuluk har ta fi ta, sai ta leƙa cikin motar tana neman baƙuwar. Ashe ita ce. Sunanta Rosemary, daga Kenya, daga wasu tsaunuka da ake noman ganyen shayi, inda wai mutum ke sa rigar sanyi da tsakar rana. Muryarta kamar tana tsoron ta tashi jariri. Kwanakinta na farko duk gaisuwar da aka yi a gabanta ta ɗauka faɗa ake, ta yi ta neman wanda za ta raba.

Amma fa yarinya ta iya yara. Ba bulala, ba tsawa. Ta zauna a tabarma tare da su, ta tara marafan kwalba suna ƙirgawa, su rubuta baƙi da yatsa a cikin tiren yashi, su yi waƙa suna tsalle har sito ya riƙa girgiza. Su kuma suka koya mata Hausarsu ta 'yan shekara uku, gauraye da Gbagyi da Fulatanci, shi ya sa maganar farko da ta iya faɗa ba tuntuɓe ita ce tana jin fitsari. Yara suka sa mata Anti Rosi. Har Zulai, Bafulatanar da ke kawo nono daga rugar bayan gari, wadda da ta rantse ba za ta ba boko tagwayenta ba, ta kawo su da kanta. Ta kuma riƙa ajiye wa Anti madarar safe, don an gano 'yar Kenya in ba ta sha shayi da madara ba ba ta zama mutum.

Asibi ta lallaɓa ta kamar ƙwai. Ta rage yaji, abin da ba ta yi wa Philip ba har ya mutu. Ta koyi tuƙa tuwon masara mai tauri irin na ƙasarsu, wanda in aka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Kullum da safe ita ke kakkaɓe mata takalma. Da Turancin kasuwa da Hausar yara da nuni da hannu suke hira, kuma suna fahimtar juna fiye da wasu ma'aurata.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai san yankin Gwagwalada a watan Maris ba kada ya ce ya san zafi. Kwanon ɗaki ya riƙa ƙara shi kaɗai, bohol ɗin unguwa ya koma tsiyaya, ƙuraje suka feso wa Rosemary a wuya. Ta rage ci, ta rage dariya, in ta dawo daga makaranta sai ta zauna tana kallon hotunan 'yan gidansu a waya. Asibi tana lura da ita. Ana cikin haka wata malama ta gano a Fesbuk cewa ranar Juma'a mai zuwa Anti Rosi za ta cika shekara talatin. Labari ya zaga makaranta, kowa ya hau murna.

To, kun dai san yadda ake bazde a Abuja. Mai ranar haihuwar ita ke wahala. Ita za ta dafa jalof, ta soya kaza, ta sayo kek da lemo, ta sauya kaya kala-kala a ɗauke ta hoto tana riƙe da balan-balan, jama'a su ci su ƙoshi su ce Allah ya ƙara shekaru. Asibi ta ci na mutane da yawa, ta san doka. Ta kuma ga dama ce ta samu: yarinya ta yi girki, gida ya cika, ta ga tana da mutane. Saboda haka ranar Alhamis ta ciro babbar tukunyarta ta biki, ta dirje ta da toka har tana ƙyalli, ta ajiye a ƙofar ɗakin Rosemary da ludayi a kai. Ta nuna tukunya ta ce, gobe. Rosemary ta dubi tukunya, idonta ya kawo ruwa, ta rungume Asibi ta ce ta gode, Mama. Kowacce ta koma ɗaki da farin ciki. Asibi tana cewa yarinya ta gane aron tukunya aka ba ta, Rosemary tana cewa tsohuwa za ta yi mata girkin biki.

Gari ya waye, tukunya tana nan yadda aka ajiye ta. Asibi ta ga yarinya ta yi wanka ta saɓa jaka ba ta ƙyasta ko ashana ba, ta ce a ranta wataƙila oda ta bayar a Gwagwalada, 'yan zamani ne. Rosemary ta ga tsohuwa ta ɗauki kaskonta ta nufi bakin makaranta kamar kullum, ta ce wataƙila sai da rana.

A makaranta malamai sun zo ba su karya ba, don kada su ɓata ciki. Ranar ko ƙosan Asibi ba wanda ya saya a cikinsu. Oga Silas har da kular abinci ya zo, wai zai tafi wa madam da nata. Duk wanda ya gamu da Rosemary sai ya taya ta murna da fara'a, sannan ya ɗora da tambayar da ake yi wa kowa: ina namu? Da fari tana murmushi, ta ɗauka wasa ne. Da aka fita hutun ƙarfe tara malamai suka jeru a ƙofar ofis suna kallon hanya, duk mashin ɗin da ya wuce sai wuya ya miƙe. Har aka tashi, kun san Juma'a da wuri ake tashi, ba jalof ba dalilinsa, sai fuskoki suka sauya. Wata malama ta ce dama ta ji an ce mutanen can rowa gare su. Da Turanci ta faɗa, kuma ba a hankali ba.

Rosemary ta wuce ta gaban kasko ko sannu Mama ba ta ce ba. Asibi ta kwashe kayanta ta bi ta, ranta a ɓace, tana shirya faɗan da za ta yi mata kan kunyar da ta ba gida. Ta tarar ƙofa a rufe, tukunya a waje. Tana ɗaga hannu za ta buga sai ta ji ƙarar zif ɗin akwati. Sau biyu ta taɓa jin wannan ƙarar daga ɗakin nan, ba ta bukatar tafinta. Faɗan ya tsere mata. Ta koma ɗakinta ta zauna a bakin gado ta yi tagumi.

Wayar Rosemary tana nan ɗakin Asibi tana caji tun safe, don nan ne solar take. Sai ta hau ruri, hoton wata mai kama da Rosemary ya fito, sai dai ta fi ta kumatu. Asibi ba ta da ɗabi'ar barin waya tana kuka, ko ta wace ce. Ta dangwala, sai ga fuska tana motsi. Yayar Rosemary ce, Elizabeth, da yara a bayanta suna riƙe da bokiti suna tsalle. Da ta gane wannan ce Maman da ake ba ta labari, ta gaishe ta, sannan ta tambaya ko an riga an jiƙa ƙanwarta.

Asibi ta ce a jiƙa ta don ta yi me? Aka yi ta fama, Turancin Kenya da Turancin bakin kasko suna karo, har sai da Elizabeth ta ɗauki kofi ta juye wa ɗanta a ka don a gani. A hankali magana ta fito. Wai a wajensu mai ranar haihuwa ba ta ɗaga ko cokali, 'yan'uwa da ƙawaye ne ke yi mata komai. Kuma kafin a ci a sha sai an laɓe mata an sheƙa mata ruwa, bokiti-bokiti, da kayanta a jiki. Wanda ya wuni a bushe ranar haihuwarsa, to ba shi da kowa ke nan. Tun suna yara Rosemary ba ta taɓa wuni a bushe ba.

Asibi ta ajiye waya ta leƙa ta taga ta dubi tukunyarta. Sai yanzu ta ga abin da yarinya ta gani: an nuna mata tukunya an ce gobe, goben ta zo an bar ta da yunwa, ga manyan mutane suna bin ta da kula. Ta girgiza kai ta ce ashe haka Allah ya yi bayinsa, wasu a ba su shinkafa, wasu a ba su wanka.

Sai dai aikin ba ƙarami ba ne. Ruwa a wannan watan ba abin wasa ba ne, mata tun asuba suke layi a bohol. Ta ci ɗamara ta fita. Zulai ta fara tarewa tana dawowa daga talla, ta ce ta hanzarta ruga ta turo yaran ajin Anti, kowa da ruwan da uwarsa za ta iya ba shi, ko kofi ne. Zulai ta ce gobara ake? Da ta ji bayani ta yi dariya har sai da ta sauke ƙwarya, ta ce su Fulani ake cewa al'adunsu sun yi yawa, ashe ba a zaga duniya ba ne. Daga nan Asibi ta bi matan zumunta gida-gida. Ta ƙare da Oga Silas, ta same shi ƙarƙashin mangwaro yana shan garin kwaki da fushi.

"Oga, yarinyan nan yana haɗa kaya," in ji ta, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. "In ya tafi, Litinin zan kawo maka yaran duka a tebur, har da masu zawo."

Ya miƙe tsaye. Ta ce kular nan da ya wuni yana yawo da ita wayam, ya kai wa madam ta ciko ta da shinkafa, ya haɗo da zakaran gidansa.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mata a rai. Ta yaya za ta kwara wa 'yar mutane ruwan sanyi, baƙuwar da aka ba ta amana, ta zo ta kwanta da zazzaɓi? Ta yi tunani irin nata: harkar haihuwa ce dai, kuma kowa ya san yadda ake ruwan haihuwa. Ta ɗora tukunyar biki a murhu, duk ruwan da aka kawo ta juye a ciki, ta karyo ganyen darbejiya ta cusa, ta hura wuta, sak na wankan jego. Maƙwabta suka hango hayaƙi da ganye suka fara shigowa suna tambayar wa ya haihu. Wata tsohuwa ta ce dama ita ta lura Anti ta rage cin abinci. Asibi ta ce ta rufe mata baki ta kama yankan albasa.

La'asar sakaliya tsakar gida ya cika. Matan Gbagyi da ƙorensu a kafaɗa yadda suka gada, matan ruga da nasu a ka, yara kowa da kofi ko gwangwanin madara, an sirka ruwa an rarraba musu. Asibi ta buga ƙofa ta ce jama'a sun zo, ta fito a yi bankwana kamar mutane.

Rosemary ta fito da kayan tafiya, riga mai guga da takalmi sau-ciki, ido a kumbure. Ta tsaya tana kallon taron. Asibi ta ɗaga hannu ta ba da alama. Ba wanda ya motsa. Yara sun ƙame da kofuna a hannu, don duk abin da aka koya musu a duniya bai haɗa da watsa wa malama ruwa ba. Manya kuma kowa yana jiran wani ya fara, in abin ya zama rigima ya ce ba shi ba ne. Oga Silas ya hau duba agogo. Rosemary ta buɗe baki za ta fara jawabin godiya, Asibi kuwa ta san in jawabin nan ya kai ƙarshe, sai tasha.

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya ta matso. Yarinya ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, sai da ta taka turmi.

"Yi haƙuri, 'yata," ta ce. "Yayarki ne ya aiko ni."

Ta tsiyaya mata a ka a hankali, kamar mai wankan jariri. Ruwa mai ɗumi, a wannan zafin, yana warin darbejiya, ya bi ta kitso ya gangara cikin rigar guga, ganye ɗaya ya manne mata a goshi. Rosemary ta shafa fuska ta dubi hannunta, ta lashi leɓe, ɗaci ya sa ta yamutsa fuska. Ta tambaya da 'yar muryarta me ya sa da zafi.

"Don kada ki yi mura," in ji Asibi.

Wata irin dariya ta ƙwace wa yarinyar, wadda ba wanda ya san tana da ita, mai ƙarfi kamar ta 'yan tasha, ta durƙusa tana yi hawaye na zuba. Da tagwayen Zulai suka ga haka sai suka juye mata nasu a baya, shi ke nan aka ɓalle. Kofuna, gwangwanaye, ƙore, ruwa ta ko'ina. Rosemary ta ce a ƙasarsu ba a tsiyayawa kamar ana ba fure ruwa, bari ta nuna musu. Ta fizgi bokiti ta bi yara da gudu, suka watse, ruwan ya sauka a kan farar rigar Oga Silas. Ya tsaya yana ɗiga, ya ce ba komai, ai don ci gaban ilimi ne. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, matan ruga suka kama tafi, aka kira Elizabeth aka ɗaga waya sama ta ga ƙanwarta ta jiƙe sharkaf, can ma suka kaure da ihu. Ruwan da ya kwarara kuwa bai tafi a banza ba, dama daidai gindin gwandarta Asibi ta tsayar da taron.

Aka ci shinkafar madam da zakara, Zulai ta dama fura ta ce ita ce kek. Da aka natsa aka warware zancen tukunya, kowacce ta faɗi abin da ta zata, malamar da ta yi zancen rowa ta yi ta ba da haƙuri baki cike da nama. Asibi tana dariya tare da kowa, amma idonta yana kan ƙofar ɗakin nan, don har yanzu akwati a zuge yake, kuma ba wanda ya ce an fasa.

Rosemary tana zaune kusa da ita a tabarma, an ɗaura mata zanin Asibi wanda da ƙyar ya rufe mata gwiwa. Ta juyo ta ce, Mama, ke yaushe ce taki ranar? Asibi ta ce wa ya rubuta? Abin da uwarta ta faɗa mata kawai, ranar Asabar ce, lokacin da sabuwar doya ta fara shiga kasuwa. Rosemary ta tambayi Oga Silas yaushe sabuwar doya ke fitowa, ya ce sai damina ta yi nisa, wajen Agusta, wato daidai cikar shekararta a garin. Ta hau lissafi da yatsu.

"To zan jira doya," ta ce. "Kuma ni ba zan dafa ruwan ba."

Asibi ta ce in ta kuskura sai ta kwana a waje. Ta faɗa ne tana kallon wani wajen, tana goge ido da bakin zani, wai hayaƙi ne.

Ranar Litinin Anti Rosi tana aji, har ma yanzu ana raɗe-raɗin za ta ƙara shekara. Sabuwar doya ta fara shigowa Paikon Kore, kuma da yake ba wanda ya san wace Asabar ce, yara sun yanke hukunci kowace Asabar tata ce. In kun bi ta unguwar ranar Asabar kuka ga wata gajerar tsohuwa da tsohon zani, ta ƙulle wayarta a leda, tana tafe tana waiwaye tana zagin duk wanda ya riƙe kofi, ku gaishe ta daga nesa.